Sabulun da Ya Daina Cizo

Idan ka shiga layinsu ba sai ka tambayi gidan ba, hancinka zai kai ka. Ƙamshin dafaffen mai ne zai fara tare ka, sai kuma wani ɗaci-ɗaci mai shiga maƙogwaro. Ka bi shi har koriyar ƙofar ƙarfen nan da ta koɗe, ka tura. Za ka tarar da wata gajeriyar mace kakkaura, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana juya muciya cikin ƙaton bokiti, tana kuma magana da mutum uku a lokaci guda ba tare da ta ɓata zaren ko ɗaya ba. Wannan ita ce Ƙara-Kaɗan mai sabulu.

Bakinta ne ya jawo mata sunan. Ba ta taɓa auna wani abu ta tsaya inda ma'auni ya ce a tsaya ba. In tana zuba wa baƙo sukari a shayi, "ƙara kaɗan." In tela na yanka mata yadi, "ƙara kaɗan." Ko maganin tari likita ya ce cokali ɗaya, sai ta ɗan tsiyaya wani a kai, wai don tarin ya san da gaske ake. A wurinta, tsayawa daidai kan awo rowa ce da aka sa wa kaya masu kyau. Ni dai ban taɓa ganin mai sakin hannu irinta ba, ban kuma taɓa ganin mai taurin kai irinta ba.

Mijinta ya rasu ɗansu ɗaya tilo yana koyon tafiya. Wata maƙwabciya ce ta nuna mata haɗin sabulu, sau ɗaya tak: ga gwangwanin mai, ga gwangwanin soda, ga ruwa, ki juya har muciya ta fara barin sawu. Daga nan ta kama, ba ta sake waiwaye ba. Da sabulu ta ciyar da yaron, da shi ta kai shi makaranta, da shi ta saya masa kayan aiki lokacin da ya koyi gyaran firiji. Sai dai kowace shekara gwangwanin sodar nan sai ya ɗan ƙara tozo, don hannun da ke auna shi ka riga ka san halinsa.

Sabulunta kuwa ya yi suna. Makanikai suna rantsuwa da shi, masu wanki da guga suna layi a kansa. Baƙin man inji in ya gan shi sai ya kama gabansa. Tana da gwajinta kuma: in sabulu ya daskare, sai ta ɗan taɓa shi da kan harshe. In ya tsunkule ta har ta runtse ido, sai ta yi tsalle ta ce, "Ya yi! Wannan ya san aikinsa!" In bai tsunkule ta ba, rago ne, gobe a ƙara soda. Hannayenta sun tsattsage, zanen yatsunta ya shafe har na'urar ɗaukar hoton yatsa ta kasa gane ta a wani ofis. Ta dawo gida tana ba da labarin tana dariya, wai ko inji ya san ta fi ƙarfinsa.

Da ɗan nata ya tashi aure, sai ya ɗauko malamar da ke koyar da ilimin sinadarai a sakandaren 'yan mata. Siririya ce, mai sanyin murya, mai tabarau. Suka zauna a ɗakuna biyun da ke ɗaya gefen tsakar gidan. Ƙara-Kaɗan ta so ta tun ranar farko, tana kiran ta Malama, tana cika mata kwano har ya kasa rufuwa. Ranar da ta lura Malama ta samu ciki kuwa, layin gaba ɗaya ya ji a jikinsa. Duk wanda ya sayi sabulu ɗaya a ranar, da biyu ya tafi.

Da cikin ya fara tsufa sai Ƙara-Kaɗan ta fara shiri. Ta ce za ta yi wa jikanta sabulun da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta tace mai har sau biyu, ta sa turare mai sanyi, ta yanka shi ƙanana-ƙanana daidai tafin hannu, ta goge gefensu sumul. Soda kuwa, tunda na jika ne, ai ba a yi masa rowa ba. Ta jera su a faranti ta kai ɗakin Malama tana rangaji. Malama ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka.

Bayan 'yan kwanaki Ƙara-Kaɗan ta shiga ɗakin Malama neman almakashi. Jakar kayan jariri tana buɗe a kan gado, ga 'yan riguna, ga tawul, ga kuma wani sabulun kanti a cikin takardarsa mai hoton jariri yana dariya. Nata kuwa, na farantin nan, ta hango ɗaya a bakin rariya kusa da burushin wanke banɗaki, har ya cinye rabi.

Ita da ba ta iya shiru ba, ta wuni ba ta ce uffan ba, har ɗanta ya dawo daga shago da la'asar ya tarar da ita zaune kan kujera 'yar tsuguno ta zuba tagumi.

"Umma, lafiya? Ko jikin ne?"

"Lafiyata lau. Sabuluna ne ba shi da lafiya, tunda a gidan nan banɗaki ya dace da shi."

Malama ta fito daga ɗaki a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ta durƙusa iya yadda cikin ya bar ta.

"Umma, ki yi haƙuri. Wallahi ba raini ba ne. Kunya ce ta hana ni faɗa miki. Ki bari in nuna miki wani abu."

Ta ɗauko wata 'yar siririyar takarda ruwan ɗorawa daga jakar makarantarta. Ta jiƙa sabulun ta ɗora takardar a kai. Nan take ta rikiɗe ta koma shuɗi mai duhu, kamar an tsoma ta a tawada.

"Wannan launin yana nufin akwai ɗanyar soda a ciki, mai yawa. Ita ce ke tsunkular harshenki. Fatar jariri ba za ta iya da ita ba, Umma. Saɓulewa za ta yi."

"Saɓulewa!" Ƙara-Kaɗan ta miƙe tsaye. "Da wane sabulu na yi wa wannan ƙaton wanka har ya girma? Ga shi nan, ki tambaye shi! Me ya same shi?"

Mai gyaran firiji ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Umma, da zafi fa. Kullum. Kamar an watsa mini barkono a baya."

"Kai dai tsoron ruwa gare ka tun kana ƙarami! Ihu kamar ana yanka ka!"

"Ba ruwan ba ne, Umma. Da na yi wayo sai na daina kuka, don na ga da shi muke ci."

Ƙara-Kaɗan ta dubi ɗanta, ta dubi hannayenta, ta koma ta zauna. Abin ya soke ta ƙwarai, har cikin ƙashi. Amma ita ba mai daɗewa a ƙasa ba ce. Kafin inuwar katanga ta kai bakin rijiya ta share ido da gefen zani, ta jawo wata kujerar da ƙafa.

"Zauna, Malama. Jikana da sabuluna za a yi masa wanka, ko ana ha-maza ha-mata. Koya mini. Ina sodar take ɓuya?"

Malama ta ɗauko alli, ta mai da simintin tsakar gida allo. Ta fara da bokitan da ke jere a jikin bango.

"Umma, in kina da bokiti goma da murfi goma sha biyar, bokiti nawa za ki rufe?"

"Goma mana. Wannan ai ko yaron goye ya sani."

"Sauran murfi biyar ɗin fa?"

"Suna nan suna yawo a tsakar gida, mutum ya taka ya zame."

"To haka mai da soda suke. Kowace ƙwayar mai hannu uku gare ta, tana kama ƙwayar soda uku, su zama sabulu. In hannayen mai suka cika, an gama. Ko buhu kika juye, sabulu ba zai ƙaru ba. Wanda ya fara ƙarewa a cikin su biyun, shi ke yanke yawan abin da za a samu. A haɗinki kullum mai ne ke fara ƙarewa, sodar da ta rage sai ta zauna a ciki tana jiran fatar da za ta kama."

Suka auna gwangwanayenta a kan sikelin da Malama ta aro daga ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Kilo biyar na irin man da take amfani da shi, in ji Malama, soda giram ɗari bakwai yake iya kamawa. Ƙara-Kaɗan kuwa kilo guda cur take zubawa.

"Ɗari uku!" Ta dafe ƙirji. "Giram ɗari uku na zaman banza a kowane bokiti! La'ilaha illallahu! Ashe 'yan zaman kashe wando nake ta ciyarwa shekara da shekaru!"

Daga nan fa abin ya shige ta. Ta ƙwace allin ta ce a sake daga farko. Ta sa aka yi mata lissafin kilo biyu, da na kilo goma, da na rabin kilo, tana tafa hannu duk lokacin da ta riga Malama faɗin amsa. Da Malama ta ce a sabulun jariri so ake soda ta riga ƙarewa, a bar ɗan mai ya rage don ya yi wa fata laushi, sai ta yi wata irin shewa.

"Kin ji! Ashe akwai inda ake ƙara kaɗan! Gefen ne kawai na ɓata!"

Washegari da hantsi aka yi haɗin. Mai kilo biyar, soda giram ɗari shida da sittin. Malama ta tsaya can nesa saboda tururin, ta sa surukarta ta sa safar hannu, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Wahalar ba a juyawa take ba, a awon sodar take. Lambar sikeli ta kai inda aka ce, hannun Ƙara-Kaɗan na nan a sama da cokali cike.

"Umma!"

"Ban zuba ba! Kallo kawai nake."

"Mayar da shi cikin leda."

Ta mayar, tana ƙunƙuni, wai ita ba ta taɓa ganin ilimi mai rowa irin wannan ba.

Malama ta rubuta wata lamba a jikin bango, sama da inda ruwa ke kaiwa: giram dubu biyar da ɗari shida da sittin. Ta ce wannan shi ne abin da ya kamata a samu in komai ya tafi daidai, wato sabulun da sodar za ta iya haɗawa da ɗan man da zai rage a cikinsa. In an gama, a auna abin da aka samu, a raba shi da wannan lambar, a ninka da ɗari. Abin da ya fito shi ne makin mai haɗi, kashi nawa cikin ɗari ta ci.

Kalmar maki ce ta tayar da hankalin Ƙara-Kaɗan. Ita da ba ta wuce aji huɗu ba, yau ga ta za ta zauna jarrabawa.

Da sabulun ya daskare a akwatin katako, Malama tana makaranta. Wa zai jira? Ta juye shi, ta yayyanka, ta ɗora a sikeli kashi-kashi, ta tara. Kilo bakwai da 'yan kai. Ta danna a wayarta kamar yadda aka nuna mata, ta raba, ta ninka. Ta duba. Ta goge fuskar wayar da zani ta sake dubawa. Ɗari da ashirin da biyar.

Ranar layin bai huta ba. Ta leƙa shagon tela ta faɗa masa, ta tare mai sayar da ruwa ta faɗa masa, ta kira ɗanta a waya yana tsakiyar ɗura wa firiji iska. "Ɗari da ashirin da biyar cikin ɗari! Matarka da digirinta ɗari ta ce, ni na wuce littafin da ashirin da biyar!" Kafin Malama ta sauka daga mota, labari ya riga ya tare ta a bakin titi.

Ta shigo tana dariya har tana riƙe ciki.

"Umma, ɗalibaina ma haka suke yi mini kowace shekara. Ba a wuce ɗari. Abin da ba ki zuba ba, ba zai fito ba."

"To ga shi ya fito! Ƙarya sikelin yake?"

"Ruwan da kika narka sodar da shi fa? Yana ina?"

Ƙara-Kaɗan ta nufi inda sabulun yake. Ta latsa sabulu ɗaya da yatsa, ya lotsa.

"Ruwa na auna," ta faɗa a sanyaye. "Na je na shelanta wa duniya ruwa."

Aka jera sabulun a kan katako a ɗakin ajiya, inda iska ke ratsawa. Malama ta ce sai ya yi makonni yana shan iska, sai ran da sikeli ya daina sauka. Nan aka shiga wani sabon wasa a gidan. Kowace safiya Ƙara-Kaɗan ta auna, makinta ya ragu, ta fito tana salati kamar an yi mata sata. Malama kuwa ta ce madalla, haka ake so. Ciki na ƙara girma, sabulu na ƙara ƙanƙancewa, tsohuwa na tsakiya tana zirga-zirga, tana roƙon jikan ya yi haƙuri ya jira, tana roƙon sabulun ya yi sauri.

Jikan bai jira ba. Mace ce ma, mai yawan gashi. Allah ya taimaka ma'aikaciyar asibiti ta ce a yi ta goge ta da ruwan ɗumi kawai har cibiya ta warke, sai Ƙara-Kaɗan ta ji kamar ta goya matar don murna.

Da sikeli ya tsaya, Malama ta ba wata abokiyar aikinta yanki ɗaya ta kai makaranta, ta kankare shi ta busar a na'ura, don a san ruwan da ya rage a cire shi daga lissafi. Da amsa ta dawo, Malama ta zauna bakin gado, jaririya a cinya, ta sa aka auna mata duka. Ta danna waya. Ta gyara tabarau.

"Saba'in da ɗaya? Umma, ba zai yiwu ba. Kaya ba ya ɓacewa haka kawai. Ina sauran?"

Ƙara-Kaɗan ta shiga gyara ɗaurin ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Umma?"

"To, matar tela ta ce fuskarta na ƙaiƙayi. Na ba ta biyu. Mai ruwa kuma yaransa... Sai ma'aikaciyar asibitin nan, ai ba a bar ta haka ba. Da wasu dai."

Mai gyaran firiji, da ke tsaye bakin ƙofa, ya fashe da dariya har da dukan bango. Aka zauna ana tuno waɗanda aka bai wa, ana ƙidaya guraben da suka bari a kan katako, ana mayar da nauyinsu cikin lissafi. Malama ta sake dannawa, ta juyo da fuskar wayar.

Casa'in da shida.

"Huɗun fa?" in ji Ƙara-Kaɗan, ido waje.

"Suna jikin bokiti da muciya da wuƙa. Umma, a ajina duk wadda ta kawo casa'in da shida sai na sa an tafa mata."

Ba ta jira an tafa mata ba, da kanta ta tafa, ta yi juyi biyu a tsakar ɗakin. Amma da Malama ta ɗauko 'yar takardar nan ruwan ɗorawa, sai rawar ta tsaya cak. Maki daban, wannan daban, ta sani. Aka jiƙa sabulu, aka ɗora. Takardar ta koma kore mai ɗan shuɗi-shuɗi, ta tsaya a nan. Ƙara-Kaɗan ta kai sabulun bakinta ta taɓa da harshe, ta jira tsunkulin da ta saba. Shiru. Malama ta wanke fuskarta da shi, da cikin hannunta inda fata ta fi laushi, ta yi haka kwana da kwanaki. Sai wata safiya ta fito da jaririyar naɗe a tawul, ta miƙa wa surukarta, ta ɗora sabulun a kai.

"Ga ta nan, Umma. Ke za ki yi mata."

An sa baho a tsakar gida inda rana ta sauka. Ƙara-Kaɗan ta gwada ruwan da gwiwar hannu, ta zauna, ta miƙe ƙafafu. Tun kafin ta fara ta buɗe baki za ta ja wata 'yar waƙa, wadda ta ƙirƙira shekarun baya don ta danne ihun ɗanta a lokacin wanka. Ta murza sabulun a tafinta, kumfa ta tashi fara sol, ta shafa a bayan jaririyar tana jiran ƙara.

Jaririyar ta yi hamma. Ta miƙe 'yar ƙafarta ta bugi ruwa, ta lumshe ido.

Ƙara-Kaɗan ta bar waƙar. Ta wanke wuyan, ta wanke hammata, ta wanke bayan kunne, ko ƙis yarinyar ba ta yi ba. Ta ɗaga kai. Ɗanta na tsugune a gefe, ƙaton mutum mai gemu, da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, ya fasa fita don ya gani. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin kumatunta suna ɗiga cikin bahon.

"Ashe da gaske ba ruwa kake tsoro ba," ta ce.

"Ya wuce, Umma."

Ta naɗe jaririyar ta miƙa wa uwarta. Ta tashi ta shiga ɗakin ajiya, ta fito ta danƙa masa sabulu ɗaya a hannu.

"Ajiye jakar nan. Je ka yi wanka."

"Umma, na fa yi wanka da safe."

"Na ce je ka yi."

Ya karɓa ya juya zai tafi. Ta riƙo hannun rigarsa, ta ɗora masa wani a kan na farkon.